Rigunan da Tela Bai Gama Ba

Ranar Alhamis ƙarfen rataye kaya na cikin wadrof ɗin Malama ya karye, safiyar Asabar sai ga sabon wadrof a tsakiyar falo. Ƙofa uku gare shi, da madubi tun daga sama har ƙasa, sai ƙamshin fenti yake. Ƙarti huɗu ne suka shigo da shi. Suka gwada shi a ƙofar ɗakinta a tsaye, suka gwada a kwance, ya ce bai san zancen ba. Sai suka girke shi a gaban talabijin suka kama gabansu.

Malama ba ta tambayi wanda ya aiko ba. A duk unguwar mutum ɗaya ne zai ji ƙarfe ya karye a ɗakin 'yar mutane ya aiko da abin da ya fi ƙofar ɗakin girma, wato Mai Katako. Wadda ta kai masa labarin ma ba sai an yi cigiya ba, ga ta nan tsaye tana goge madubin da gefen mayafinta.

"Dubi aiki," in ji Mama. "Wannan har jikokinki sai sun gaje shi."

"Mama, ni fa ƙarfe kawai na ce a samo mini."

"Ke kika ce ƙarfe. Shi da ya san darajarki ya ce wadrof."

Wata takwas ke nan Mai Katako yana zarya gidan. Mutumin kirki ne, ba ta da laifin da za ta ɗora masa, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan. In ya ce ƙarfe huɗu, huɗu saura biyar za a ji hon ɗin motarsa. Sai dai hirarsa ba ta wuce wane katako gara ke ci, wanne ne ba ta ci. Ita kuwa shekara biyu ke nan zuciyarta tana wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bayan tashar mota, wajen Tela, wanda Mama ke kira wanda bai gama makaranta ba.

Baba tsohon hedimasta ne, ya ajiye aiki amma bai ajiye agogo ba. Shi bai ce Tela ba, bai ce Mai Katako ba. Cewa ya yi shekararta ashirin da takwas, tana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ta isa ta san wanda take so. Abu ɗaya ya nema, mutumin ya zo ya zauna a gabansa. Sau uku ana sa rana, sau uku Baba yana sa rigar fitarsa ya zauna a falo, sau uku Tela yana aiko da saƙon a yi haƙuri sai gobe.

Jiya da safe Baba ya yanke magana.

"Gobe Asabar, ƙarfe biyar na yamma. In ya zo, ina da kunnen jin sa. In biyar ta wuce, kar ki ƙara kawo mini sunansa, don ni ba abokin wasansa ba ne."

Bai ɗaga murya ba. Amma Malama ta san shi, in ya rufe magana ko Mama ba ta iya buɗe ta. Ta kuma san kanta, ba za ta iya auren da Baba bai sa wa albarka ba. Mama kuwa, don kada yammacin ya tafi a banza, ta ce wa Mai Katako ya zo da misalin biyar da kwata a ga yadda za a shigar da wadrof ɗin. Kowa a gidan ya san abin da shigar da shi ke nufi.

Ƙarfe goma Yaya ta iso. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ke kula da sito a asibiti, macen da ko cokulan gidanta sun san layinsu. Ta leƙa ɗakin Malama, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. Kayan da suka zubo tun ranar Alhamis suna nan yadda suka zubo, sun cika gado, sun haye kujera, wasu sun gangaro ƙasa.

"A nan kike kwana, ko a nan ake sauke gwanjo?"

"Yaya, don Allah yau ba ni da natsuwar wannan."

"Shi ya sa na zo. In kika zauna kallon waya har biyar, zarewa za ki yi. Tashi."

Ta shimfiɗa zannuwan gado uku a ƙasa, tana nuna su da yatsan ƙafa.

"Wannan na sawa. Wannan na kyauta. Wannan na gyara. Duk abin da kika shekara ba ki sa ba, kyauta zai tafi, kuma ba na son musu."

Musu kuwa sai da aka yi shi. Yaya ta ɗago wani shuɗin siket da yatsu biyu.

"Yaushe rabonki da wannan?"

"Zan rame in sa."

"Tun ina amarya kike ramewar nan, yanzu 'ya'yana uku."

Siket ya faɗa tarin kyauta. Rigar makarantar sakandare ta bi shi, Malama tana cewa ta tarihi ce, Yaya tana cewa tarihin ya je ya rufa wa wata asiri. Aka samu baƙaƙen mayafai bakwai iri ɗaya sak, don duk sanda ɗaya ya nutse a cikin kaya sai ta sayo wani. Aka samu takalmi ƙafa ɗaya, da jakar da hannunta ya tsinke, da rigar sanyin Yaya da aka yi shekara uku ana zargin mai wanki da ita. Yaya ta riƙe rigar ta daɗe tana kallon ƙanwarta, Malama ta yi kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin gado.

Duk bayan minti goma sai Mama ta leƙo.

"Kun ga ma har da wurin takalma a cikinsa."

Can ta sake dawowa.

"Ƙofar tsakiyar har makulli gare ta."

"Mama, mun ji."

"Ina faɗa ne don wasu su san bambancin mai aikowa da mai aiko da haƙuri."

Malama ta cije leɓe. Ta duba waya, babu komai, ta kifa ta a kan matashi, ta sake ɗauka ta duba. Ranta a dagule yake, haushin Mama take ji, da na Yaya, da na katakon da ya tare talabijin, amma wanda take jin haushinsa fiye da kowa shi ne wanda ba ta so a taɓa.

Sai wajen ƙarfe ɗaya suka kai ga kayan da suka karya ƙarfen. Suna can ƙasan tarin, kowace riga da hangarta, an lulluɓe ta da leda. Malama ta yi sauri ta rungumo su.

"Waɗannan duk na sawa ne, ba sai an duba ba."

"Ɗinkin wa?"

Malama ta ƙara ƙanƙame su.

"Na gane. Kawo su nan, doka ba ta san ɗinkin kowa ba."

Yaya ta zare ledar ta farko. Doguwar riga ce ruwan zuma, an yi mata aikin wuya mai kyan gaske, har Yaya sai da ta ce kai. Ta juya bayanta, ta laluba.

"Ina maɓallan?"

"Ya ce irin waɗanda suka dace da ita sun ƙare a kasuwa. In tafi da ita in gwada, in dawo da ita ya sa."

"Kin mayar?"

"Ban samu lokaci ba."

"Na gyara."

Ta biyu koriya ce, an kalmashe ƙasanta amma da fil aka riƙe, ba a bi da ɗinki ba. Ta uku babu zif. Ta huɗu hannu ɗaya an gama shi tsaf, ɗayan zare na reto. Ta biyar layin alli na nan a ƙugu inda za a rage. Yaya ta daina tambaya, sai dai ta zare leda, ta juya riga, ta yi tsaki, ta jefa. Tarin na gyara da ya wuni da jaka ɗaya tal ya tashi ya kere sauran biyun.

Da ta jefa ta ƙarshe sai ta zauna a bakin gado.

"Ashirin da uku. Shekara biyu, riga ashirin da uku, babu ɗaya da za ki sa ki fita ƙofar gida. Wannan shi ne telan da kike son ki kashe kanki a kansa?"

"Ya iya ɗinki, Yaya. Kowa ya sani."

"Ni za ki gaya wa? Wannan ta jikina wa ya ɗinka?"

Ta kamo ƙasan rigarta ta juya. Kalmasa ce siririya, a miƙe, babu zare ko ɗaya da ya leƙo.

"Kwana huɗu ya yi ya ba ni, har da guga. Ta maƙwabciyata ma haka."

Sai ta tsaya. Ta dubi rigar jikinta, ta dubi tarin, ta dubi Malama.

"Ke kaɗai yake yi wa haka."

Malama ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Duk sanda ta je karɓar ɗinki sai ya shafa kai ya ce saura ɗan abu kaɗan, ta tafi da ita ta dawo da ita gobe. Ita kuma goben sai ta koma, amma ba da rigar ba. Sai ta biya kasuwa ta yanko sabon yadi, ta je ta zauna a kan bencinsa ana zaɓen irin ɗinki har rana ta yi sanyi. Bai taɓa tambayar ina waccan ba. Ita ma ba ta taɓa tuna masa ba.

"Shi yana ƙin gamawa don ki dawo," in ji Yaya, "ke kina ƙin mayarwa don kar ya gama. Ku biyu kun taru kun karya ƙarfen da bai ji ba bai gani ba. Wallahi da 'ya'yana ne ku, da na haɗa kawunanku na gwara."

"To ai so ne ya kawo haka."

"Ban ce ba so ba ne. Mutumin nan ya iya sa ki dawowa, Auta. Zuwa ne bai iya ba."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Hawaye ya cika mata ido, ta ƙi bari ya zubo, ta hau ninke mayafan nan bakwai kamar su suka yi mata laifi.

Ƙarfe uku wayar ta yi ƙara. Ta wawuro ta har tana tuntuɓe da tarin kyauta. Saƙo ne, layi biyu.

"Malama, aiki ya riƙe ni. Ki ba Baba haƙuri, in Allah ya kai mu gobe da sassafe ina tafe."

Ta karanta sau biyu. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce nan. Ta haɗa bakin zanin gadon da ke ɗauke da tarin na gyara ta ƙulle, ta yafa mayafi, ta ciccibi ƙunshin.

"Ina za ki?"

"Gyara zan kai. Ba ke kika ce na gyara ba ne?"

A falo sai da ta bi ta gefe-gefe kafin ta wuce wadrof ɗin. Mama ta biyo ta da faɗa, wai mace ba ta bin namiji, wai za ta zubar musu da mutunci a titi da ƙunshi kamar mai gudun hijira. Baba yana kujerarsa, ya riga ya sa rigar fitarsa, jarida a hannu. Bai ɗago ba.

"Uku da kwata," kawai ya ce.

Tafiyar minti goma ce. Ta yi ta da ƙunshi a kafaɗa, gumi na bin bayanta, masu shaguna na bin ta da kallo, tana shirya maganganun da za ta zazzaga masa tun daga ta farko har ta goma.

Da ta ɗaga labulen shagon sai ta farkon ma ta ɓace mata.

Keken ɗinkin a rufe yake da ƙyallensa. Teburin yanka babu komai a kai sai almakashi. Tela yana zaune a kan benci cikin sabuwar farar riga da wando, sun sha guga, takalminsa ya sha mai, an yi masa aski. Ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi yana kallon ƙasa. Da ya gan ta ya miƙe zumbur, ya yi tsuru-tsuru.

"Wannan ne aikin da ya riƙe ka?"

"Malama, zauna tukuna."

"Na gaji da zama a bencin nan."

Ta sauke ƙunshin a kan teburin, ta kwance. Rigunan suka baje, wata ta zame ta faɗi ƙasa, fil ya watse.

"Ƙirga su."

"Na san adadinsu."

"Au, ka sani ma. To gaya mini, da gangan ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da gangan ne."

"Don me?"

"Rigar farko da kika kawo, a kwana biyu na gama ta. Ina cikin sa maɓallin ƙarshe sai na tuna in kika karɓa shi ke nan, babu abin da zai sake kawo ki. Sai na cire su duka."

Da jiya ya faɗi wannan, da ta kwana tana murmushi. Yau haushi ya ƙara mata.

"Ka iya dabarar da za ka cire maɓalli, amma ba ka iya takawa minti goma ka gaida tsoho ba? Sau uku Baba yana sa riga yana jiran ka. Yanzu haka yana can da rigar a jikinsa. Ka san yadda nake ji in na ga ya tashi ya shiga ɗaki ya cire ta bai ce da kowa komai ba? Ka san abin da Mama ke gaya mini safe da yamma? Akwai wadrof a falonmu, Tela. Wani ya aiko, kuma biyar da kwata zai zo a shigar da shi ɗakina. Ni kaɗai nake tare ƙofar nan, hannuna ya gaji."

Muryarta ta karye, hawayen da ta hana tun rana ya ɓalle. Ta share da bayan hannu, wani ya biyo.

"In ba ka so na, ka faɗa. Ba zan mutu ba."

"Kar ki ce haka."

"To me zan ce?"

"Na je, Malama. Duka ukun na je."

Ta ɗago ta dube shi.

"Har ƙofar gidanku. Na farko na kai hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ji ya yi gyaran murya daga ciki. Ban san sanda na tsinci kaina a tasha ba. Yau tun ƙarfe tara nake cikin kayan nan."

"Gyaran murya? Baba dodo ne?"

Ya koma ya zauna. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kin san a makarantarsa na yi karatu. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na bar ta. Ina aji huɗu mahaifina ya kwanta ciwo, sai na riƙa zuwa shagon kawuna ina ɗinki bayan an tashi. Aikin gida in na fara layi biyu sai barci ya kwashe ni. Wata Litinin a wajen taron safe Hedimasta ya kira ni gaba. Ya ɗaga littafina yana buɗewa shafi-shafi, duk makaranta na kallo. Kowane shafi an fara, ba a ƙarasa ba. Ya ce, ku dube shi da kyau, wannan ba zai taɓa gama komai ba a rayuwarsa."

Ya ci gaba, kansa a sunkuye.

"Aka yi dariya. Washegari ban koma ba. Shekara goma sha biyar ke nan, duk rigar da na gama wa mutum sai na ji kamar shi nake nuna wa. Amma in na tuna zan tsaya a gabansa in ce ya ba ni 'yarsa, sai in ga littafin nan a hannunsa. Zai dube ni ta saman tabarau ya ce, ashe kai ne."

Tausayinsa ya kama Malama har cikin ƙashi, ta ji kamar ta zauna kusa da shi su yi kukan tare. Amma agogon bangon shagon ya nuna huɗu saura kwata, kuma ta san in ta zauna a bencin nan yau, to ta zauna ke nan.

"Me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"Mahaifinki ne."

"Mahaifina ne, kuma bai kyauta ba. Na faɗa. Amma ni me na yi maka? Shi ya yi magana, ni ka bari da riga ashirin da uku da ba na iya sawa. Ka je ka cika masa maganarsa a kaina."

"Malama..."

"Saurara, ban gama ba. Ni ma da laifina, ni na riƙa kawo yadi. To na daina. Daga yau ƙafata ba za ta sake taka shagon nan ba, ko me ya faru. Ga kayanka nan. In ka ga dama ka buɗe keke ka gama su, ka aiko mini, ina da inda zan rataye su, har makulli gare shi. In kuma kana son gani na, ka san ƙofar."

"Ki jira mu tafi tare."

"A'a. In na kai ka, ni na je ba kai ba."

Ta saki labulen ta fita. Ba ta waiwaya ba, ko da yake wuyanta har ciwo ya yi don son waiwayen.

A gida ta tarar Yaya ta gama aikinta. Na kyauta sun shiga buhu biyu, na sawa an ninke su a kan gado, ba su fi cikin akwati ɗaya ba. Tsohon wadrof ɗin yana tsaye wayam, ƙofofinsa a buɗe. Malama ba ta taɓa sanin ɗakin yana da faɗi haka ba, kuma ba ta ji daɗin faɗin ba ko kaɗan.

"Yana zuwa?" Yaya ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba."

Ta tsaya a bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna. Biyar saura kwata. Mama ta jera kofuna a kan faranti, ba sai an gaya wa kowa baƙon da take jira ba. Saura goma. Baba ya ninke jarida ya ajiye. Saura biyar. Ya cire agogon hannunsa ya ɗora a kan gwiwa.

Saura minti biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, kamar mai fatan kada a ji.

"Shigo," in ji Baba.

Tela ya shigo. Farar rigar ta jiƙe sharkaf da gumi, takalmin da ya sha mai ya sha ƙura. Ya cire shi a bakin ƙofa, ya rasa ta inda zai bi saboda wadrof, ya zagaya, ya durƙusa can nesa. Gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Mama ta taɓe baki ta janye farantinta gefe.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. Malama ta ga kafaɗun Tela sun tsuke.

"Kai ne Telan?"

"Ni ne, Baba."

"An ce ka yi makarantata. Wace shekara?"

Ya faɗa.

Baba ya ƙura masa ido, ya daɗe, sannan ya girgiza kai.

"Ban gane ka ba."

Tela ya ɗago.

"Ni ne mai littafin nan, Baba. Wanda ka ɗaga a taron safe, ka ce ba zan taɓa gama komai ba."

"Ni na ce haka?"

"Ƙwarai, Baba."

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana laluben ranar a cikin kansa, kuma a fuskarsa kowa ya ga bai same ta ba. Malama ta toshe bakinta da mayafi. Shekara goma sha biyar mutum yana ɗauke da magana, wanda ya faɗe ta ko ranar bai tuna ba.

"Yara dubbai suka bi ta hannuna," in ji Baba a hankali. "Ban tuna ba. Amma in na faɗa maka haka a gaban jama'a, ban kyauta ba."

Ya mayar da agogon hannunsa, ya gyara zama.

"To ga ka ka zo. Me ke tafe da kai? Ina jin ka."

Tela ya buɗe baki.

"Baba, dama... dama na zo ne a kan maganar..."

Sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida, sau biyu. Biyar da minti goma, Mai Katako ya iso kafin lokacinsa kamar kullum. Maganar ta maƙale wa Tela. Mama ta miƙe da sauri tana gyara mayafi, ta nufi ƙofa.

Malama ta yaye labulen. Ba ta san tana da irin wannan saurin ba, sai ga ta ta riga Mama isa. Ta jingina bayanta da ƙofar, hannunta a kan sakata, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Ke, matsa mini. Baƙo na waje."

Hon ya sake tashi.

"Ya ɗan jira, Mama," in ji Malama. "A bar wannan ya gama."